Filin Tambayoyinku: Sun ce sabuwa na tafe, shekara ta zagayo shiru

Jama'a barkanmu da war haka. Cikin saƙonnin da suka taru mani a wannan karon, huɗu maganarsu ɗaya ce, manhajojin nan na kyauta da ƴan sa-kai ke haɗawa kuma kowa na iya leƙa cikinsu, waɗanda za a ce sabon zubi na nan tafe sannan wata ya wuce shekara ta wuce ba labari. Shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar batirin waya da ke kumbura ku yi mani haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni ina da ɗan shago nan kusa da babbar kasuwa, ina tura ma mutane fina-finai da karatun malamai da waƙoƙi cikin karti memuwar, kuma duk abin da zan tura sai na buɗe shi a VLC na tabbata shina tafiya. To wani yaro da ke zowa wurina ya ce mani wai VLC ta mutu, wai tun 2018 take bisa lamba 3, an ce 4 na zuwa har yau ba ta hito ba, wai masu ita sun watse. Ni dai hankalina ya tashi don ban san wata ba, kullum na kunna kwamfuta sai in ga kamar yau ne za ta ƙi tashi. In sauya ko in zamna? Kuma akwai wanda ya turo mani VLC 4 a WhatsApp wai ita ce sabuwar, ban sa ba tukuna.
Daga mai turi, babbar kasuwa, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ƙarshen saƙonka don nan haɗarin yake. Abin da aka turo maka a WhatsApp kar ka sa shi, goge shi kawai. Masu VLC ba su rabon kayansu ta WhatsApp, a shafinsu na videolan.org suke sawa, in waya ce kuma Play Store. Irin wannan jiran da mutane ke yi shi ne kasuwar ɓarayi, sun san kana ɗokin lamba 4 sai su sa ma birus ɗinsu suna VLC 4 su sake shi cikin guruf-guruf, kai kuwa da kake soka kartin mutane iri-iri a kwamfutarka daga safe har dare ka ga ba kai kaɗai zai kama ba, rabin unguwa ne.

Yaron nan bai yi ƙarya ba a kan shekarun. VLC 3.0 ta fito a Fabrairun 2018. A 2019 shugaban VideoLAN, ƙungiyar da ke haɗa VLC, Jean-Baptiste Kempf, ya nuna ma mutane fasalin 4 ɗin a wani taro a Beljiyam, a 2021 aka ce cikin shekarar za ta fito, har 2025 ta kama ba ta fito ba. Amma maganar mutuwa, a nan ya kuskure. Buɗe taka ka duba lambar gaba ɗayanta, ba 3 kawai za ka gani ba, 3.0 ne sannan wata ƙaramar lamba a ƙarshe. To wannan ƙaramar ta yi ta hawa a hankali har ta kai 21 a Yunin 2024, kuma duk hawan da ta yi gyara ne aka yi, ko an toshe wata ɓaraka ta tsaro ko an gyara wani irin bidiyo da ke ƙin tashi. Ita ce ta shafe ka, ba babbar ba. Babbar lamba sabuwar fuska ce da sababbin dabaru, ƙaramar ita ke hana a shigo maka ta cikin fayil ɗin bidiyo.

Dalilin jinkirin kuma ba ɓoyayye ba ne. Sun sake gina ɓangaren da ke daidaita murya da hoto don kar baki ya riga magana, sun sake fuskar gaba ɗaya, sun ƙara wurin jera fina-finai da waƙoƙi, kuma dole duk wannan ya yi aiki a Windows da Mac da Linux. VLC ɗin nan abin da ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi ta Paris a 1996 ne fa, a Janairun 2025 suka ce an sauke ta fiye da sau biliyan 6, kuskure ɗaya in ya fita ba wanda zai iya bin shi gida-gida ya dawo da shi.

Masu buga katin biki da kalandar siyasa za su ba ka labarin GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta. Zubi na 2.10 ya fito a Afrilun 2018, aka yi ta cewa 3 na tafe, mutane suka gaji har abin ya zama abin zolaya, sai ranar 16 ga Maris 2025 ta fito, kusan shekara bakwai. Cikin shekarun nan ba wanda shagonshi ya rufe don rashin GIMP 3, da tsohuwar aka yi ta buga katunan suna da na aure.

Amma kar ka ɗauka ina cewa duk mai shiru lafiya yake. Akwai waɗanda da gaske ƙarfinsu ya ƙare. Dubi OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi irin su Word da Excel, tun Afrilun 2014 take kan 4.1, mafi yawan masu aikinta sun tashi sun kafa LibreOffice tun 2010, a 2016 ma ɗaya daga cikin shugabanninta da kanshi ya kawo maganar ko a rufe ta saboda ƙarancin hannu. Ita ma takan fitar da ɗan gyara jefi-jefi, shi ya sa ƙaramar lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, sai ka haɗa da tambayar mutum nawa ne ke aiki a kai kuma in an sami ɓaraka wata nawa take yi a buɗe. Wanda ke da OpenOffice a biro zan ce mashi ya koma LibreOffice yau ɗin nan. Kai kuwa zauna kan VLC ɗinka, in ka sami rezo mai kyau ka sauke ta ƙarshe daga shafinsu, shi ke nan.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina shekara ta biyu. Porotabul ɗina tsohuwa ce wadda yayana ya bar mani, wani kamarad ya sa mani Debian don Windows ta yi mata nauyi. Tana aiki lahiya lau amma duk abin da ke ciki tsohon zubi ne, ƙawata mai Ubuntu kullum tana mani dariya wai su wata shida-shida suke samun sabuwa, mu ko ranar hitowa ba a faɗa muna. Abin na damuna, ina tsoron kar lokacin rubuta memuwar ya zo in iske an bar ni baya. Mi ya sa ba su iya faɗin rana kamar kowa?
Daga wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Tsoho

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kuma ki gaida kamarad ɗin nan don ya yi maki zaɓi mai kyau, Debian da Ubuntu duk nau'o'in Linux ne, tsarin kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Tsari biyu ne ake bi a wannan harkar kuma kowane da gangan aka zaɓe shi. Wasu sukan kafa rana, ranar ta zo abin da ya kammala ya fita, wanda bai kammala ba ya jira zagaye na gaba. Ubuntu haka take, Afrilu da Oktoba, lambarta ma shekara ce da wata, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Suna iya haka ne don akwai kamfani a bayansu, Canonical, na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, akwai ma'aikata masu albashi da za a ce ma su gama kafin Alhamis. Duk da haka su ma sun taɓa zamewa, shi ya sa akwai Ubuntu 6.06 babu 6.04, a 2006 sun ƙara mako shida don aikin bai yi yadda suke so ba.

Debian kuwa tun da Ian Murdock ya kafa ta a 1993 ba ta da mai gida mai biyan albashi, mutane ne kusan dubu a ƙasashe daban-daban, yawancinsu sai sun tashi daga nasu aikin suke zama kanta. Abin da suke yi shi ne in lokaci ya matso sai su rufe ƙofa, a daina shigo da sabon abu, a koma gyara kawai, suna da jerin manyan kurakurai waɗanda suka ce ba za a fita da su ba, sai jerin nan ya ragu sosai sannan su sanar da rana, galibi saura ƴan makonni. To kin ga ba wai sun ƙi faɗa ba ne don wulaƙanci, su ma kansu ba su sani ba sai kurakuran sun ƙare. A da abin ya taɓa yin muni, daga zubin Yulin 2002 sai da aka kai Yunin 2005 kafin na gaba ya fito, mutane sun yi ta ƙorafi, wannan gajiyar ma na cikin abin da ya sa Ubuntu ta sami kasuwa da ta fito a Oktoban 2004, kuma daga jikin Debian ɗin aka cire ta, har gobe daga can take ɗibar kayanta, ki faɗa ma ƙawarki wannan. Daga baya sun daidaita, duba ki gani: Debian 10 a Yulin 2019, 11 a Agustan 2021, 12 a Yunin 2023, 13 a Agustan 2025. Ba su yi alkawarin rana ba amma shekara biyu-biyu abin ke zuwa.

Maganar an bar ki baya kuwa, da mi za ki rubuta memuwar ɗin? Wurin rubutu, wurin lissafi da jadawali, wurin buɗe PDF, da abin shiga intanet. LibreOffice ta shekara biyu da suka wuce tana yin duk wannan ba tare da malaminki ya gane bambanci ba. Firefox ɗin da ke cikin Debian kuma nau'in da ake kula da shi na dogon lokaci ne, gyaran tsaro na zuwa mashi a kai a kai, duka tsarin ma ana toshe mashi ɓaraka kimanin shekara biyar. Tsohon zubi da ake gyarawa daban, wanda aka yasar daban. In kuma akwai wata manhaja guda da lallai sai sabuwarta kike so, ki ce ma kamarad ɗin ya nuna maki Flatpak, wata hanyar sa manhaja a Linux, za ki sa wannan ɗayar sabuwa fil ba tare da kin taɓa sauran ba.

Sannan mu nan akwai lissafin da ɗan Turai ba ya yi. Duk babban sauyi sai kin sauke giga da yawa, forfe ya ƙare a tsakiya ko kuran ya ɗauke ana cikin sawa, porotabul mai tsohon batir ta mutu a rabin hanya, washegari ta ƙi tashi kuma kina da aikin miƙawa. Ni dai a ganina ga ɗalibi a Maradi sauyi sau ɗaya a shekara biyu rahama ce. Ƙawarki ma in tana da wayo ta zauna kan Ubuntu ta dogon zango, mai fitowa Afrilun shekaru masu cikakkiyar lamba irin 2022 da 2024, ana kula da ita shekara biyar, masu wata shida-shidan nan wata tara kawai ake kula da su.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni abin haushi ya ishe ni. Ina riƙe ma babana butik ɗin kayan masarufi, na samu wata ƙaramar manhaja ta kyauta da nike rubuta kayan da sunka shigo da waɗanda sunka hita. Tana da matsala wajen buga rasit, in jimla ta yi yawa sai lambobin su hau juna. Na rubuta ma mai ita, ya ce ya gani zai gyara a zubi na gaba. Yanzu wata takwas ke nan. Na yi ta aika mashi saƙo, daga baya na gaya mashi magana mai zafi na ce in bai iyawa ya ba wani mana, tun daga nan bai sake amsa mani ba. Shin ba haƙƙina ba ne? Shi ya sa abinshi a intanet ya ce a ɗauka.
Daga wani matashi, unguwar Zariya

AMSA: Ƙanena zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Ba ka bin shi komi. Aikin nan gayya ce, wanda bai zo da fartanya ba ba shi da bakin tsayawa a gefen gona yana ihun a yi sauri. Ka duba takardar izinin da ke tare da manhajar, wadda kowa ke danna na yarda bai karanta ba, kusan dukansu da manyan baƙaƙe suke rubuta cewa ga ta nan yadda take, ba lamuni ba alkawari. Mutumin nan ƙila yana da aikinshi na neman abinci da ƴaƴa da mara lafiya a gida, da daddare yake ɗan taɓa ta, ya buɗe saƙonni ya iske irin naka guda talatin daga ƙasashe goma, kowa na ganin matsalarshi ce ta farko.

Kuma wannan kalmar da ka faɗa, in ba ka iyawa ka ba wani, wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don da ita aka kusa yi ma duniya ɓarnar da ba a taɓa gani ba. Akwai wata ƴar ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayil ya ƙanƙance, ba wanda ya san da ita amma tana cikin kusan duk kwamfutar da ke kan Linux, har da manyan injinan da ke riƙe da shafukan intanet. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana riƙe da ita, Lasse Collin, ba albashi. A 2021 wani mai kiran kanshi Jia Tan ya fara aiko da ƴan gyare-gyare masu kyau. A 2022 sai ga wasu sunaye da ba a san su ba sun taso Collin a gaba da saƙonni, aiki ya tsaya, gyare-gyare na ruɓewa, yaushe za a fitar da sabuwa, in ka gaji ka miƙa ma wani. Ya ba su amsa cewa abin nan fa sha'awa ce ba biyanshi ake ba kuma ba shi da cikakkiyar lafiya, ba su sassauta ba. A hankali ya ba Jia Tan ikon taɓa komi har da fitar da sabon zubi. A Fabrairu da Maris na 2024 aka fitar da 5.6.0 da 5.6.1, a ciki an dasa ɓoyayyar ƙofa da za ta ba mai makullinta damar shiga injin mutane daga nesa, sannan aka shiga matsa ma masu haɗa nau'o'in Linux su yi maza su ɗauki sabon zubin.

Allah ne ya kiyaye. Wani injiniya da ke aiki a Microsoft, Andres Freund, yana gwajin wani abu daban sai ya lura shiga injinshi ta SSH, hanyar da ake shiga inji daga nesa, na cin ƙarfi fiye da kima kuma yana ƙara kamar rabin daƙiƙa, rabin daƙiƙa fa, ya bi diddigi har ya tono abin, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. Lokacin abin ya riga ya shiga zubin gwaji na Debian da na Fedora, wani nau'in Linux, amma bai kai ga tabbatacciyar Debian ba, wannan mai tsofaffin kayan da ake yi ma ƙanwarmu ta sama dariya a kanta. Ubuntu kuma sai da ta ɗage zubin gwajinta na 24.04 da mako guda don ta sake gina kayanta. Har yau ba a san waye Jia Tan ba, kuma masu binciken abin da yawa na ganin masu ƙorafin nan da shi duk tafiyarsu ɗaya. Ban ce kai ɓarawo ne ba, na san rasit ɗinka kawai kake so ya fita daidai. Amma mai kula da manhaja da ya san wannan labarin in ya ga baƙo na cewa ya sauka ya ba wani, ka yi mashi uzuri in ya yi shiru.

Kuma ba xz kaɗai ba ce a wannan halin. Da aka gano babbar ɓarakar OpenSSL a Afrilun 2014, manhajar da ke tsare sirrin shafuka masu ɗimbin yawa, sai aka ji gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dalar Amurka 2,000 ba. Manyan kamfanoni na cin riba a kanta ba mai waiwayar masu ita.

Yanzu in juya wajen mutumin naka, shi ma yana da nashi laifin. Da ya ce zubi na gaba bai ce yaushe ba, ya bar ka kana ƙirga watanni. Wannan ɗabi'a ce da ke damuna da masu irin wannan aikin, ko su faɗi lokacin da ba za su iya cikawa ba don kunya, ko su yi gum. Layi biyu ya isa, ina nan, abubuwa sun yi mani yawa, kar ku jira ni kafin sallah. Mafi yawan tashin hankalin mutane ba jinkirin ne ke kawo shi ba, rashin sanin ko akwai mutum a can ne.

Abin da za ka yi, ka rubuta mashi ka ba shi haƙuri, gajere, ba tare da ka sake tambayar yaushe ba. Ka haɗa da hoton rasit ɗin da ya lalace, lambar zubin da kake amfani da shi, irin injin bugun da kake da shi, da jimlar da daga ita lambobin ke fara hawa juna. Ina zargin kuɗinmu ne ya ruɗa shi, wanda ya saba da kuɗin da buhun shinkafa ke cin lamba biyu bai tanadi wurin sifilan sefa ba, in ka nuna mashi haka ƙila aikin minti goma ne. Ka ce mashi in ya gyara kai za ka gwada kafin ya fitar. In ya ci gaba da shiru, ai kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, a buɗe yake, wannan shi ne amfanin abin gaba ɗaya, nemi ɗalibin da ya iya a jami'a ko cikin masu gyaran kwamfuta ka ba shi ƴan jikkuna ya faɗaɗa maka wurin lambobin, sannan ku aika ma mai ita gyaran kyauta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ke riƙe da wata lakol mai zaman kanta, muna da kwamfutoci a biro da ɗakin koyon yara, duka Windows 10 ne kuma an ce ba su ɗaukar 11. Mai yi muna gyara ya ce mu koma Linux Mint da LibreOffice. Abin da ke hana ni shi ne na ji an ce waɗannan ba su da mai su, in sun ga dama su hito da sabuwa in ba su ga dama ba su bari. Ya zan ɗora sakamakon yara da lissafin kuɗin makaranta bisa abin da in ya lalace ba wanda zan kama?
Daga wata Hajiya, Maradi

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara girma, tambayarki a kan hanya take. Amma ki lura da abin da ya kawo ki nan, Microsoft, kamfanin da ke da mai shi kuma yake faɗin rana, shi ne ya faɗi ranar da zai daina kula da Windows 10, 14 ga Oktoba 2025, kuma ya ce 11 sai inji mai wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 wanda tsofaffin injina da yawa ba su da shi. Kwamfutocinki lafiyarsu lau aka ce sun tsufa. Kuma tsakani da Allah, ranar da Windows ta ƙi tashi a biro wa kika kira, Amurka ko wannan mai gyaran? To shi ɗin dai za ki ci gaba da kira, shi ne wanda za ki kama, ki yi yarjejeniya da shi a rubuce ki riƙa biyanshi a wata.

Biyun da ya zaɓa maki ba irin manhajar mutum ɗaya ba ce kamar ta ƙanenmu mai butik. LibreOffice na da gidauniya mai rajista a Jamus da kamfanoni da ke biyan ma'aikata a kanta, kuma wajen lokaci tana cikin masu kalanda, Fabrairu da Agusta. Linux Mint ce ba ta kafa rana sai ta shirya, wani lokaci a jira ta ƴan makonni fiye da yadda aka zata, amma wannan ba abin da zai taɓa ki da shi, zubi na 22 da ya fito a Yulin 2024 za a ci gaba da gyara shi har 2029. Ko sabuwa ta makara wata uku, taki na aiki kuma gyaran tsaro na zuwa.

Ni abin da zan ji maki tsoro ma akasin naki ne, wato ɗokin sabuwa. Ki kafa ma mai gyaran doka, ba a sa zubin gwaji a injin biro, ba a yin babban sauyi ana tsakiyar jarrabawa ko lokacin fitar da sakamako, sai babban hutu. Ƙananan gyare-gyaren tsaro kuwa a bar su su shiga duk mako. Sakamakon yara da lissafin kuɗi a riƙa kwafe su a kile USB biyu, ɗaya ta kwana a gidanki ba a biro ba, kuma duk takardar da aka gama a ajiye ta a PDF.

Kar ki sauya duka rana ɗaya. A fara da inji guda a biro, a buɗe tsofaffin takardun Word da Excel ɗinku a gani ko jadawalin sakamako ya zauna daidai don wani lokaci layuka kan ɗan goce, a gwada injin bugu da na fotokopi, a gwada wasulan Faransanci masu alama a kai da rubutun Larabci in kuna koyar da shi da su ƙ da ɗ da ɓ namu. In sakataren ya yi zango ɗaya da shi bai kawo ƙara ba, a bi sauran a hutun ƙarshen shekara.